Richmond Palmer: Daga Baitulmalin Katsina Zuwa Tsibirin Kubrus

A ƙarshen shekarar 1906 Turawa suka tuɓe Sarkin Katsina Muhammadu Yero, suka tafi da shi Lakwaja. Wanda ya ƙulla wannan al'amari tun daga farko har ƙarshe saurayi ne ɗan shekara 29, mataimakin Razdan, bai ma cika shekara uku da sauka ƙasar nan ba. Sunansa Herbert Richmond Palmer. Da a tuɓe sarki kaɗai ya tsaya, da ba a daɗe ana maganarsa ba, domin a shekarun nan tuɓe sarki ba baƙon abu ba ne. Sarki Abubakar da Yero ya gada ma haka Turawa suka yi masa. Palmer ya wuce nan. Ya ɗauke rawani daga gidan Dallazawa, zuriyar Ummarun Dallaje da ya karɓo tuta daga Shehu, waɗanda suka yi kusan shekara ɗari suna sarautar garin, ya kai shi gidan Sulluɓawa, ya naɗa wa Durɓi Muhammadu Dikko. Masu zaɓen sarki suna nan da ransu, amma zaɓen bai zama nasu ba. Manyansa da ke Zungeru suka sa hannu, magana ta ƙare.

Sai mutum ya tuna wace irin shekara ce 1906 kafin ya gane yadda saurayi ya sami wannan dama. A watan Fabrairu mutanen Satiru, wani ƙauye kusa da Sakkwato, talakawa da bayin da suka gudo, suka tari rundunar Turawa da gatura da kwari da baka, suka kashe Turawa uku da sojoji da dama, suka ƙwace bindiga mai ruwa. A watan Maris aka dawo aka shafe garin, aka kashe mutane wajen 2,000. A Afrilu aka afka wa Haɗeja, Sarki Muhammadu ya rasu yana yaƙi. Turawan da ke riƙe da Arewa duka 'yan ƙalilan ne a lokacin, kowa a barikinsa yana kwana da ido ɗaya, yana tambayar kansa: in ta ɓaci, sarkin nan nawa ne ko nasu? Palmer ya yanke cewa Yero ba nasa ba ne. Labarin da ake bayarwa a Katsina shi ne an nemi a gina wa Turawa ganuwar tsaro cikin gaggawa, fada ta yi ta jan ƙafa, Durɓi kuwa ya kawo mutanensa ya tsaya a kan aikin har aka gama. Ko da akwai wasu dalilai a ƙasa, abin da sarakunan Arewa suka fahimta ɗaya ne: mai naɗi da tuɓewa yanzu yana bariki.

Ba wai rawanin ya faɗa kan wanda bai iya ba. Dikko ya yi sarauta har 1944, ya yi aikin hajji a 1921 yana kan gado, ya biya ta Ingila, ya rungumi makarantar boko tun sauran sarakuna suna ɗari-ɗari da ita, kuma a garinsa aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922. Malam Bello Kagara ya rubuta tarihinsa. Sai dai wannan nasara ita ta dasa Palmer a kan ra'ayin da bai sake sauka daga kai ba har ya bar aiki: a sami mutum ɗaya mai ƙarfi, a ɗaure masa gindi, a tsare shi daga duk mai ja da shi, shi kuma ya riƙe jama'a. A ganina tarihin aikinsa gaba ɗaya, daga Katsina zuwa Barno zuwa Kaduna har ƙetaren teku, tarihin girman wannan ra'ayi ne.

An haife shi a Lancaster, a arewacin Ingila, a 1877. Ya yi karatu a Jami'ar Kambirij, ya zama lauya a 1904, a shekarar kuma ya shigo aikin Gwamna Lugga, shekara ɗaya bayan cin Kano da Sakkwato. Lugga ba shi da kuɗi, ba shi da mutane, dole ya mulki ƙasar ta hannun sarakunan da ya tarar. Abin da ya fara a matsayin dabarar mai ƙaramin ƙarfi, ma'aikatansa irin su Charles Temple da Palmer su suka mayar da shi aƙida. Palmer ya bambanta da yawancinsu da abu guda: ya zauna ya koyi Hausa da Larabci, yana hulɗa da malamai, yana sa a nemo masa tsofaffin takardu. Ya san ƙasar fiye da takwarorinsa, kuma sanin nan ne ya ba shi ƙarfin halin yanke wa mutanenta abin da ya dace da su ba tare da ya tambaye su ba.

Babban abin da ya bari shi ne baitulmali. Kafin zuwan Turawa, kuɗin ƙasa da zakka da jangali da kuɗin karofi suna bin hannaye da yawa kafin su iso fada. Mai gari ya tara, jakada ya zo daga birni ya karɓa, hakimi yana zaune a birni ya cire rabonsa, sauran ya isa ga sarki, shi kuma ya aika da gaisuwa Sakkwato, ya sayi dawaki, ya ciyar da fadawa da malamai da baƙi. Ba a raba aljihun sarki da na ƙasa ba. Turawa suka fara da kawar da jakadu, suka yanka ƙasa gunduma-gunduma, suka tilasta wa hakimai barin birni su koma zama cikin gundumominsu. Palmer ya ƙara mataki na gaba a Katsina: duk abin da aka tara a ƙirga shi a rubuta, gwamnati ta ɗauki rabi, rabin da ya rage a zuba shi a asusu guda ƙarƙashin ma'aji, daga nan a biya kowa albashi, tun daga sarki har alƙali da dogari. Abin da ya saura a yi aiki da shi bisa kasafin da Razdan ya duba ya amince. Tsarin ya yi wa manya daɗi. A 1911 aka soma baza shi a sauran masarautu, aka kuma ɗora wa Palmer kansa aikin kula da kuɗin shigar En'e, wato hukumomin masarautu, na Arewa duka.

Bai kamata a raina abin da aka samu ba. Alƙalin da yake da albashi ba dole ya rayu da abin hannun masu ƙara ba. Da kuɗin baitulmali aka share hanyoyi, aka haƙa rijiyoyi, aka gina asibitoci da makarantun elementare. Da nata kuɗin En'e ta Kano ta jawo ruwan famfo da wutar lantarki cikin birni, aka buɗe su a 1931. A ofisoshin En'e kuma aka horar da malaman da suka iya lissafi da rubuta wasiƙa da tafiyar da ofis, waɗanda daga cikinsu aka sami yawancin mutanen da suka karɓi mulkin Jihar Arewa daga hannun Turawa. Sardauna kansa ma'aikacin En'e ta Sakkwato ne kafin ya shiga siyasa.

To amma a sauka ƙauye a ga yadda abin yake a ƙasa. Bayan kaka malamin haraji ya iso da littafinsa, dagaci ya sa an shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, dogari yana tsaye da jar riga. Ana kiran magidanta ɗaya bayan ɗaya. Da can mutum yana iya biya da dami, ko da wuri, ko da ƙyallen saƙi; a hankali aka koma sai tsabar kuɗin Bature, sule da sisi. Wanda ba shi da su sai ya kai geronsa kasuwa a daidai lokacin da kowa ke kai nasa, ya sayar da arha, da damina ya dawo ya saya da tsada. Ko ya shuka gyaɗa, tunda jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 kuma kamfanoni suna saye. Ko ya tafi cin rani haƙar kuza a Jos. Adadin da aka yanka wa gari an riga an shigar da shi kasafi, albashin mutane da yawa yana rataye a kansa, saboda haka littafin bai san fari ba, bai san fara ba. Mutanen ƙasar Kano sun ga haka da idonsu a yunwar 1914.

Shi ma sarki abin ya canja shi. Sarkin da, komai ƙarfinsa, yana da abin shakka a gida: manyan bayi, 'yan'uwa masu jiran gado, malamai masu wa'azi, wasiƙar Sarkin Musulmi da zuwan waziri, da talakawan da in an matsa musu sai su kwashe su koma ƙasar wani. Sarkin En'e abin shakkarsa ɗaya ne, wato Razdan. In ya gamsar da shi babu mai iya taɓa shi, domin bayansa akwai bindiga. In ya saɓa masa, albashi da rawani duk a hannunsa suke. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. An ƙara wa sarauta ƙarfi a kan na ƙasa da ita, an rage mata a gaban na sama, kuma talaka ne ya rasa ƙofofin da yake bi in an zalunce shi.

Wanda ya fi kowa yaƙar baitulmali shi ne Lugga kansa. Da ya dawo a 1912 don haɗe Kudu da Arewa, ya tarar masarautu suna riƙe da kuɗin da Legas ba ta da iko a kansu, ya nemi a shigar da su cikin kasafin gwamnati. Temple da Palmer da sauran Razdanoni suka ƙi, ofishin kula da ƙasashen mallaka a Landan kuma bai goyi bayan Lugga ba. A baki, 'yancin sarakuna suke karewa, kuma na yarda sun gaskata haka a zuciyarsu. A aikace, kuɗin da ba ya bi ta Legas kuɗi ne da Razdan ke juyawa da sunan sarki.

Tun yana Katsina ya soma ɗaya aikin da ya sa sunansa bai ɓace daga makarantunmu ba. A 1908 ya buga fassarar Turanci ta Tarihin Kano a wata mujallar masana a Landan: littafin Larabcin nan da ya jero sarakuna 48 daga Bagauda zuwa Muhammadu Bello, da labarin Barbushe da Tsumburbura a Dala, da zuwan Wangarawa zamanin Yaji, da abubuwan da Rumfa ya ƙago. Littafin yana faɗin shekara nawa kowane sarki ya yi, amma ba ya faɗin a wace shekara ya hau. Palmer ne ya zauna ya yi lissafi da baya-baya, yana ɗebe shekarun sarki bayan sarki, har ya dire a 1463 ga Rumfa, 1349 ga Yaji, 999 ga Bagauda. Na Rumfa ya sami mai gaskata shi, domin an san Shehu Magili ya zo Kano wajen 1492. Na can farko kuwa lissafi ne kawai, wanda in an yi kuskure a sarki ɗaya duk na gabansa sun goce. Yara da yawa sun haddace 999 ba tare da an gaya musu daga inda ta fito ba.

A 1917 aka kai shi Barno a matsayin Razdan, zamanin Shehu Garbai. Ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, Daular Turkiyya tana ɓangaren Jamus, a arewa kuma Kaosen da Abzinawansa, da goyon bayan Sanusiyya, sun tsare Faransawa a Agadas tun Disambar 1916 har sai da aka kawo musu ɗauki. Tsoron Satiru da ya kwanta wa Palmer a rai ya farka. Daga baya ya bi hanyar alhazai da kansa, daga Maiduguri ta Wadai da Darfur zuwa Hartum har Jidda, ya rubuta rahoto a 1919. A kan hanyar nan akwai dubban Hausawa da Fulani da Barebari, wasu suna noma suna tara guzuri shekara da shekaru, wasu sun zauna ke nan, kamar mutanen Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa gari a bakin Shuɗin Nilu. Mutane na zuwa suna dawowa, wasiƙu ma haka. Alhaji yana ganin hanyar ibada. Palmer ya ga hanyar da fitina za ta biyo.

Wanda ya ɗanɗana kuɗar wannan tsoro shi ne Malam Sa'idu ɗan Hayatu, daga zuriyar Sarkin Musulmi Bello. Mahaifinsa ya yi mubaya'a ga Mahadin Sudan, ya zauna da Rabe, aka kashe shi. Sa'idu ya sauka a Dumbulwa cikin ƙasar Fika, jama'a suka yi ta taruwa wurinsa, yana kuma musayar wasiƙu da Sayyid Abdurrahman ɗan Mahadi. A 1923 aka kama shi, aka kai shi Buea a Kamaru. Bai ɗaga takobi ba. Ya yi fiye da shekara 20 a can, sannan aka dawo da shi Kano ana sa masa ido, ba a sake shi sarai ba sai 1959. A wurin Palmer, Musuluncin da ke cikin fada, mai alƙali da limami masu albashi, abin girmamawa ne ƙwarai. Musuluncin da ke tara jama'a a bayan gari ba da izinin sarki ba kuwa, shi ne abin kamawa. Duk wanda ya san yadda Shehu Usmanu ya fara a Degel ya san me wannan rabo yake nufi.

A Barno ne kuma karatunsa ya bunƙasa. Ya tara girgam na sarakunan Sefawa, da takardun mahram da sarakuna ke ba gidajen malamai, ya fassara littafin Imam Ahmad bin Fartuwa kan yaƙe-yaƙen Mai Idris Aloma a 1926, ya fitar da Sudanese Memoirs juzu'i uku a 1928, daga baya Bornu Sahara and Sudan a 1936. Malamai ne suka nemo takardun, suka kwafa, suka warware masa wuraren da suka yi tsauri, ko da yake sunansa ne a bango. Wasu daga cikin waɗannan takardu da ba a tara su a lokacin ba, da gara ta cinye su, kuma wannan bashi ne da yake bin mu. Matsalar tana cikin sharhinsa. Palmer ya yi imani cewa duk inda aka ga daula da tsarin sarauta a ƙasar baƙar fata, to wasu masu hasken fata ne suka kawo daga gabas ko arewa. Da ya ga sunaye biyu sun yi kama a kunne, ɗaya a Barno ɗaya a Yaman ko tsohuwar Masar, sai ya ƙulla musu dangantaka. Labarin Bayajida da na Kisra ya ɗauke su shaidar ƙaurar wasu jinsuna. Ba a rasa ganin inda wannan ya dosa: in tun fil azal baƙo ne ke zuwa ya tsara wa mutanen ƙasar nan mulki, to Bature na baya-bayan nan bai yi wani sabon abu ba.

A 1925 ya zama Mataimakin Gwamna mai kula da Lardunan Arewa, ya zauna a Kaduna har 1930. A shekarun nan biyar tsarin En'e ya kai ƙololuwarsa. Razdanoni suka riƙa taro a kai a kai suna tsara manufa ta kansu. A 1928 aka ƙara wa manyan masarautu rabonsu na haraji daga kashi 50 zuwa kashi 70 cikin ɗari. A shekararsa ta ƙarshe aka tara sarakunan Arewa a Kaduna don shawara. Burinsa shi ne masarautu su zama ƙasashe masu cin gashin kansu a ƙarƙashin inuwar Ingila, irin na sarakunan Indiya, kuma duk abin da ya fito daga Legas, ko ma'aikatar ayyuka ce, ko lauya, ko jarida, ko ɗan mishan, a tsayar da shi a bakin ƙofa. Majalisar dokokin da aka kafa a Legas a 1922, wadda aka zaɓi wasu 'yan ƙasa a cikinta, ba ta yi wa Arewa doka; Gwamna ne ke yi shi kaɗai, haka aka zauna har bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Akwai masu gode wa wannan katanga, suna cewa ita ta tsare mana addini da harshe da shari'a, kuma maganarsu ba ta rasa ƙamshin gaskiya. Sai dai katangar da ta hana mishan shiga ba ta zo da makarantun gwamnati masu yawa a madadinsu ba. Kwalejin Katsina 'yan ɗalibai kaɗan take ɗauka a shekara. Da lokacin karɓar mulki ya matso, Arewa ta waiwaya ta ga ba ta da likitoci da injiniyoyi da akawuna, kuma har yau ba a gama biyan wannan giɓi ba.

Inda ra'ayin ya fi yin ɓarna shi ne ƙasashen da ba su da sarki irin na Hausa. A 1926 aka sake yanka larduna, aka fitar da Binuwai da Filato da Adamawa. Palmer ya ƙwallafa rai a kan Jukun, yana ganin su ne magadan tsohuwar daular Kwararrafa, har ya rubuta gabatarwa ga littafin C. K. Meek a kansu. Mutane irin Tibi, waɗanda dattawan dangi ke yanke musu magana, aka yi ta neman wanda za a ɗora musu a matsayin hakimi, domin tsarin ba ya tafiya sai da mutum ɗaya da za a ba littafin haraji. Rigingimun da wannan ya haifar sun daɗe bayan masu shirya shi sun koma gida.

Da Donald Cameron ya zama Gwamnan Nijeriya a 1931 ya taka wa abin birki, ya ce masarautu sassan gwamnati ne, ba ƙasashe ba. Lokacin Palmer ya riga ya tafi Gambiya a matsayin Gwamna. Shekara uku ya yi a Bathurst, wato Banjul ta yau, ya yi ƙoƙarin ɗora sarakunan bakin kogin a kan tsari irin na Arewa, ya kuma buga wani ɗan littafi kan tafiyar mutanen Kartaj zuwa Afirka ta Yamma. A 1933 aka tura shi Kubrus, tsibirin da Turawa ke kira Cyprus, a gabashin Bahar Rum.

A nan ne, a ganina, ake ganin mutumin sosai, domin a nan babu sarkin da zai tsaya a bayansa. Mutanen tsibirin kashi huɗu cikin biyar Girkawa ne, sauran yawanci Turkawa. Da can suna da jaridu, da lauyoyi, da majalisar dokoki, da zaɓen 'yan majalisar gari. A Oktoban 1931 Girkawan da ke neman haɗewa da ƙasar Girka suka yi bore, suka ƙone gidan Gwamna a Nikosiya. Ingila ta rushe majalisar, ta kori wasu manyan limaman coci daga tsibirin, ta kafa dokoki masu tsanani. Palmer ya gaji waɗannan dokoki, ya riƙe su da hannu biyu, ya ƙara a kai. Babu jam'iyya. Babu zaɓe, Gwamna ne ke naɗa 'yan majalisar gari da masu unguwannin ƙauye da ake kira mukhtar. Mutum fiye da biyar ba sa taruwa sai da izini. Ba a ɗaga tutar Girka, ana tace jaridu, gwamnati ta karɓe ikon makarantu ta taƙaita koyar da tarihin Girka da na Turkiyya. Babban limamin cocin tsibirin ya rasu a 1933, a 1937 aka yi dokar da ta ce duk wanda za a zaɓa sai Gwamna ya amince da shi, kujerar ta zauna babu kowa har 1947. Girkawan tsibirin har yau suna kiran waɗannan shekaru Palmerokratia, wato mulkin Palmer.

A duba jerin nan da kyau. Naɗi maimakon zaɓe, shugaban addini sai wanda gwamnati ta yarda da shi, a toshe hanyar da ra'ayi ke shigowa daga waje, a hana masu ilmin zamani na birni kusantar talakan ƙauye. Babu ɗaya da bai yi a Arewa ba. Bambancin shi ne a nan ya yi su cikin rawani da alkyabba, da yawun sarki, har aka riƙa kiran abin mutunta al'ada. A Kubrus ya yi su da hannunsa, mutanen kuma suna da jaridu da 'yan'uwa a Atina da Landan da za su kira abin da sunansa. Shirun da ya samar bai kashe neman haɗewa da Girka ba. Ya bar tsibirin a 1939, a 1955 aka ɗauki makami, a 1960 Ingila ta sauke tutarta.

A Arewa ginin nasa ya fi daɗewa. A watan Agustan 1950 Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Kwalejin Katsina ta yaye, ya tashi a majalisar Kaduna ya nemi a yi wa En'e garambawul, yana kukan cewa talaka ba shi da murya a cikinta. A watan nan dai aka kafa NEPU a Kano, kuma 'ya'yanta sun sha ɗauri a kotunan alƙalai da gidajen yarin En'e, a hannun 'yan dokan da baitulmali ke biya. Da 'yan ƙasa suka karɓi mulki ba su ajiye makamin ba: binciken kuɗin En'e ta Kano ne gwamnatin Sardauna ta yi, ya kai ga murabus ɗin Sarki Muhammadu Sanusi a 1963 da tafiyarsa Azare. A zamanin Gowon aka karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun sarakuna, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya rufe babin En'e. Palmer bai ga ƙarshen ba, ya mutu a Ingila a 1958.

Littattafansa ma an bi su da bincike. A Jami'ar Ahmadu Bello, Abdullahi Smith ya nuna cewa ana iya bayanin tasowar biranen Hausa daga cikin ƙasar kanta, daga noma da ƙira da kasuwa da wuraren tsafi irin Dala da Kwatarkwashi, ba sai an jira baƙo daga Bagadaza ba. Ɗalibinsa Yusufu Bala Usman, ɗan gidan sarautar Katsina, ya rubuta tarihin ƙasar daga 1400 zuwa 1883, ya ƙi yarda a karanta shi a matsayin kokawar jinsi da jinsi. Murray Last ya kawo hujjar cewa Tarihin Kano a ƙarshen ƙarni na 19 aka harhaɗa shi a fadar Kano, da buƙatun mutanen wannan zamani a cikinsa. Dierk Lange ya koma kan matanin Larabci na Barno, ya sake fitar da jerin sarakunan Sefawa a 1977 da littafin Ibn Fartuwa a 1987, ya gyara wurare da yawa. Tarihin Kano kuwa, ko da yake an mayar da shi Hausa tun farkon shekarun 1930 a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, ɗalibin jami'a da ke rubuta kundinsa a Kano ko Zariya har yanzu fassarar 1908 yake yawan kafa hujja da ita, da shekarun da Palmer ya lissafa a gefen sunan kowane sarki.